Ranar da Birkin Baba Ya Kama

Yayana ya zo hutun Ista daga Abuja da shawara a aljihu. A ganina tun a hanya ya riga ya yanke ta, namu kawai mu ce amin. Haka yake tun da ya samu ofis mai labule. Bai gama wanke hannu daga tuwon da na yi masa ba ya ce Baba ya daina tuƙi. Motar a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, shi zai aiko da wata ƙarama ta hannu, 'yar Beljiyom, da direba, duk Asabar a kai Baba gona a dawo da shi.

"Dadi, maganar sefti ne fa," ya ce, yana goge baki da hankici. "Ba za mu zauna muna jira sai an kira mu a waya ba."

Mu shida muka tashi a gidan nan muna cewa Baba, shi ma har ya yi gemu Baba yake cewa. Abuja ce ta mayar da mahaifinmu Dadi. Matarsa na gefe tana ta gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa, ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga motar ba, wai kujerun suna sa ta atishawa.

Ba zan ɓoye ba, akwai dalili. Cikin wata biyu Baba ya daki ginshiƙin ƙofar gida da goshin mota, sannan ya hau kan tulin doyar wata mata a bakin kasuwa. Ba wanda ya ji ciwo, doya ce dai ta ji jiki. Baba, wanda ya tsufa yana hedimasta kafin ya yi ritaya, ya zauna a kujerarsa ya saurari ɗansa har ƙarshe, kamar yadda yake sauraron yaron da ya makara yana kawo uzuri. Sannan ya ce:

"Birki ne. Na taka, bai kama ba. Ka gyara mini birki, ka bar mini makulli na."

Ni ce ke zaune a Kafanchan. Gida uku ne tsakanin gidana da na Baba, ina koyarwa a sakandare, kuma tun da Mama ta rasu ni ke kai masa abinci safe da yamma. Don haka a ganina ba wanda ya san Baba kamar ni, balle mai zuwa sau biyu a shekara da kwalin madara. Na san matsayin motar nan a wurinsa. Duk Asabar yakan sa kwat ɗinsa, ya tuƙa kansa zuwa ƙauyenmu da ke bayan Kagoma, ya duba gonar cittarsa, ya tsaya a kabarin Mama, ya dawo kafin rana ta faɗi. Iko ɗaya ke nan da ya rage masa. Makaranta ta wuce, Mama ta tafi, a coci ma an cika kujerar dattawa da yaran da ya koya wa rubutu. In aka karɓe makullin nan, abin da ya saura shi ne zaman baranda yana jiran wani ya ga dama.

"Yaya, ka ba ni wata ɗaya," na ce. "In na gyara birkin, Baba ya riƙe makullinsa."

"Malama, ki saurara. Ba birki kaɗai ba ne."

"Kai da ka zo shekaranjiya, kai za ka gaya mini?"

Ya kalle ni, ya kalli Baba, ya buɗe baki ya rufe. Na ɗauka na kashe masa baki ne, har na ji daɗi. Washegari suka koma, matarsa ta toshe hanci da ta zo wucewa ta kusa da motar.

Motar doguwa ce, irin mai kujeru layi uku, fara a zamaninta. Ta girmi aurena. Ita ta kai mu makarantar kwana, ita ta kai amaren dangi, ita ta kai gawar Mama ƙauye. Birkinta kuwa duk unguwa an san halinsa. Ba a taka shi sau ɗaya, sai an yi masa famfo: ɗaya, biyu, uku. A na ukun ne yake fara tunanin kamawa. Baba ya fi shekara goma a haka har ya mayar da abin ilimi. Hanyar ƙauye duk tana kansa, ya san daga wane mangwaro ake fara famfo, daga wane kwalbati ake sa giya biyu. Bayan motar ya zauna, in ta faɗa rami sai ka ji kamar an zubar da kwanuka a kicin, in ta sha kwana kuma sai duk wanda ke ciki ya kwanta a kafaɗar na kusa da shi.

Na fara da makanikai, kuma na gode wa Ubangiji da bai ba ni hawan jini ba. Na farko ko buɗe bonet bai yi ba, ya ce, "Madam, wannan mota, kamfani ma ya manta da shi." Na biyu ya kawo takalman birki a kwali mai sheƙi da rubutun ƙasar waje, ya rantse da kabarin kakansa cewa orijinal ne. Daga garejinsa zuwa shataletale suka fara warin gyaɗar da ta ƙone. Na uku shi ne gwani. Ya shiga ƙarƙashin mota da tsohon tub na taya, ya yayyanka, ya ɗaɗɗaure duk inda ke girgiza, ya fito yana washe baki.

"Ai haka muke manejin shi, Anti."

Kalmar nan maneji, da mutum ce da tuni na kai ta kotu. Da ita ake gina aji ba siminti, da ita ake ɗinka rauni ba allura, ga shi da ita za a ɗaure ran mahaifina da robar taya.

Wani malamin makarantarmu ne ya ce, "Ke da kike da mai tana a dangi, me kike yawo?" Sai na tuna da Kawu. Ba ɗan'uwan Mama na jini ba ne, ƙauyensu ɗaya kawai, amma Kawu muke ce masa tun muna yara. A wokshof ɗin reluwe ya yi aiki har ya yi ritaya, lokacin da jirgi ke shigowa garin nan daga kusurwa uku ana jin usur ɗinsa har cikin aji. Shagonsa rumfar kwano ce a bayan tsofaffin kwatas, a ciki akwai injin tana, wato injin da ke juya ƙarfe da gudu ana fere shi da wuƙa har ya koma girman da ake so. Kawu gajere ne, kunnensa ɗaya ya mutu da ƙarar injin, tabaraunsa kuma da zare ya ɗaure hannunsa. Ba ya amsa gaisuwa sai ya kashe injin, ko da bishof ne.

Da aka kai motar, ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe. Ya fito riƙe da robar tayar nan da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

"Wane ne ya yi wannan?"

"Wani makanike ne, Kawu."

"Kar ki ce makanike. Ki ce mai ɗaure buhu." Ya jefar da ita waje. "Yarinya, mota nan ya tsufa, amma ƙarfensa na da kyau. Mutane ne suka lalata shi."

Na haura arba'in, ina da jika a hanya, amma a rumfar nan yarinya ce ni, kuma ban musa ba. Na tambaye shi ko za a samu kayan asali. Ya yi tsaki. Ya ce kayan asali sun ƙare, kuma ko suna nan ba zai nema ba, don an yi su ne saboda titin Turawa. Shi zai yi waɗanda suka fi su. Zai samo faifan birki na akori-kura, wanda ya fi na motar faɗi da kauri, ya fere shi har ya zauna daram a ƙafar gaba. Zai yanko ƙarfe mai kauri ya yi mazaunin da zai riƙe babban abin da ke damƙe faifan. Zai canza duk bututun man birki. Bushin, wato robobin da ke hana ƙarafan ƙafa cin juna, zai fere sababbi daga wata farar roba mai tauri da ya ɓoye tun zamanin aiki. Bayan motar kuma zai ɗaga shi da zobban ƙarfe a ƙarƙashin sifirin.

"Amma ina da doka ɗaya," ya ce, ya ɗaga yatsa. "Ba na ba da aikin birki a bakin shago. Rana da na gama, mai mota zai tuƙa, ni zan zauna a gaba, mu sauka gangare. In aikina ya yi ƙarya, ni ne farko da zan ci gilashi. Haka an koya mana a wokshof. Wanda ya taɓa birki, shi zai hau."

Na ce masa na yarda. A raina kuwa na ce, ina ma a kafa wannan doka a kan masu gina gadoji da masu sayar da magani a motar haya, da garin nan ya yi shiru.

Wata ɗayan da na roƙa ya zama mako shida. Wuta ce, a kawo ta da safe a ɗauke kafin shayi ya huce. Na ce a kawo janareto, Kawu ya ce injinsa ba ya cin wutar da ke rawa, yanka yana fita da layi-layi. Kullum na tashi daga makaranta sai na biya. Ina zama a kan benci ina kallon ƙarfe na zubowa a murɗe kamar ɓawon rogo, shi kuma yana tsayar da injin bini-bini ya ciro ma'auninsa daga cikin tsumma mai tsabta, ya gwada, ya mayar. Akwai mazaunin da ya kwana biyu yana yi, ya gwada, ya wurga shi cikin tulin shara.

"Kawu, me ya yi?"

"Ya kauce."

"Ni ban ga komai ba."

"Kaurin gashin kanki ne. Ke ba za ki gani ba, gangare zai gani."

Gaskiya aikin ya shiga raina. Na daɗe ban ga mutumin da ke jin kunyar aikin banza ba. Amma ban tsaya a nan ba, sai da na mayar da shi bulala. Duk abin da Kawu ya fere sai na ɗauki hotonsa yana sheƙi, na tura gurup ɗin gida a waya, na rubuta a ƙasa cewa ga abin da mutanen ƙauye ke yi yayin da manyan Abuja ke neman masu sayen tsohon ƙarfe. Ƙannena suna ta dariya. Yaya bai taɓa cewa uffan ba, sai ɗan hoton babban yatsa. Na ce ai ya sha kaye ne, girman kai ya hana shi faɗa.

Baba kuwa duk makonnin nan yana baranda. Asabar ta zo ta wuce, ya sa kwat ya zauna. Na ce in ɗauko masa ɗan acaɓa ya kai shi ƙauye, ya ce shi ba buhun masara ba ne. Kullum tambayarsa ɗaya, "Yaushe?"

Ranar gwaji Asabar ce, an yi ruwa da asuba, gari ya yi fes. Baba ya goge takalmi, ya sa hular da yake zuwa coci da ita. Kawu ya zo da wankakken kaya kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya zauna a gaba, ya ɗora hannu a gwiwa. Ni ina baya. Baba ya yi addu'a gajeruwa, muka ce amin, ya tayar.

A bakin babban titi Baba ya yi abin da ƙafarsa ta saba. Bai kai ga famfo na biyu ba motar ta tsaya cak, goshina ya daki bayan kujerar Kawu, hular Baba ta faɗo kan sitiyari.

"Yesu!" in ji Baba.

"Hedimasta, sau ɗaya ne yanzu," in ji Kawu. "Ka taka shi kamar kana gaishe shi."

Baba ya fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun Mama na da rai. Ya matsa gaba kaɗan ya sake takawa, ya sake, kamar yaro da sabon keke. Muka faɗa ramin farko, ba ƙarar kwanuka. Muka sha kwanar gidan mai, ba wanda ya kwanta a kan wani. Na ciro waya na fara tsara abin da zan rubuta wa Yaya, ina zaɓen kalmomin da suka fi yaji.

Muka fita gari muka kama hanyar Kagoma. A nan na lura Baba yana rage gudu a wuraren da ba komai. Ya rage a inda dā akwai wani babban rami, alhali an cike shi tun bara. Ya kauce wa wani da ba ya nan, ya faɗa cikin wani sabo da ruwan bana ya haƙa. Na ce a raina abin da ya saba ne, tsoho ne, zai gyara. Kawu dai ya daina kallon hanya. Ya juya yana kallon fuskar Baba.

Akwai gangare mai tsawo kafin wata ƙaramar gada, nan Kawu ya zaɓa don gwajin. Tun daga samansa na hango ganye a kan titi. Kowa ya san ma'anar wannan: in babbar mota ta lalace, sai a karyo rassan itace a jera su a hanya tun daga nesa don mai zuwa ya rage gudu. Ga su nan kore shar, tuli bayan tuli, can ƙasa kuma ga lori tsaye a hannunmu, dab da gadar, ɗauke da buhunan taki.

Baba ya taka tulin farko. Na ji rassan suna karyewa a ƙarƙashinmu. Ya taka na biyu. Motar tana ƙara gudu.

"Hedimasta, ganye," in ji Kawu a hankali.

"Ina?" in ji Baba.

Wannan "ina" har yau ina jin ta a kunnena. Bayan lorin ya cika gilashin gaba, ina ganin ƙusoshin katakonsa.

"Birki!" Kawu ya daka tsawa. "Taka! Kar ka saki!"

Baba ya taka da duk ƙarfinsa. Tayoyi suka yi ƙara, wayata ta tashi ta faɗa gaba, ni kuma na tsinci kaina a durƙushe tsakanin kujeru. Motar ta tsaya. Tsakanin goshinta da ƙarfen bayan lorin bai kai kamu ɗaya ba. Direban lorin da ke zaune a gindin itace ya miƙe ya ɗora hannu biyu a ka.

Da birkin dā ne, mai ɗaya, biyu, uku, da mu ukun an kwashe mu a tabarma. Wannan na sani, kuma duk wanda ya ce aikin hannu ba abin girmamawa ba ne, ya zo in nuna masa wurin.

Kawu ya buɗe ƙofa ya fita. Bai tambayi lafiyar kowa ba. Ya bi sawun tayoyin a kan kwalta har inda suka fara, ya dawo, ya taɓa ƙafar gaba ta dama da bayan hannu, ya taɓa ta hagu. Sannan ya zo tagar Baba ya sunkuya.

"Sawu biyu, a miƙe. Bai ja dama ba, bai ja hagu ba. Aikina ya yi." Ya nuna lorin da yatsa. "Hedimasta, ka karanta mini abin da an rubuta a bayan lori nan."

Rubutu ne da jan fenti, kowane harafi ya kai tsawon hannuna, ga shi a gaban hancinmu. Baba ya ɗaga kai ya ƙura wa wurin ido. Mutumin da ya koya wa rabin garin nan karatu. Ya ƙifta ido, ya matso da fuska kusa da gilashi, ya koma ya jingina.

"Tun yaushe?" in ji Kawu.

"Damina biyu ke nan," in ji Baba. "Amma na san hanya."

"Ka san hanya. Lori ne bai san ka ba."

Na so in yi ihu. Na fara jin haushin Baba, da ya bar ni mako shida ina zagin makanikai da ɗan'uwana a kan birki, alhali ya san inda ciwon yake. Kafin haushin ya kai bakina sai ya juyo kaina. Ni ce mai kai abinci safe da yamma. Ni ce na ga ya daina buɗe Littafi Mai Tsarki a addu'ar safe yana kawo Zabura da ka, na je ina yi wa malamai alfahari da ƙwaƙwalwar mahaifina. Ni ce na ga shayi zube a kan tebur kusa da kofi na goge, na ce tsufa ne. Ni ce yake gane ni tun daga ƙofa, ban taɓa tambayar kaina ba ko fuskata yake gani ko ƙarar silifas ɗina yake ji. Mai zuwa sau biyu a shekara da kwalin madara ya gani cikin kwana biyu, ya yi ƙoƙarin faɗa, na taka masa baki a gaban matarsa. Ni mai digiri, mai gyara takardun yara da jan biro. Ban taɓa raina wani mutum kamar yadda na raina kaina a bakin gadar nan ba.

"Kawu, ka tuƙa mu," na ce.

"Ni? Ban taɓa tuƙa mota ba a rayuwata. Ni ƙarfe na sani."

Dole na fito na zagaya. Baba ya sauko a hankali, ya dafa jikin motar yana bi da hannu har ya samu ƙofar baya, ya shiga ya zauna inda nake. Ban taɓa ganinsa a kujerar baya ba. Na ja baya, na kewaye lorin, na tsallaka gadar. Na sa sigina zan juya mu koma gida.

"Ina za ki?" in ji Baba.

"Gida, Baba."

"Yau Asabar ne."

Na kashe siginar na miƙe. Motar tana tafiya sumul, ba ƙara, ba girgiza, duk inda na taɓa birki sai ta amsa. Tun da aka saye ta ba ta taɓa lafiya irin ta ranar ba, kuma hakan ya ƙara ƙona mini rai. Daga baya mun kai Baba wurin likitan ido a Jos, ya duba ya ce mun makara. Yaya ne ya zo ya kai mu, kuma har muka je muka dawo bai tuna mini da ko kalma ɗaya daga abin da na rubuta a gurup ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Amma a ranar, mun isa bakin gona wajen ƙarfe goma. Na kashe mota, na zare makulli, na miƙa wa Baba ta baya ba tare da tunani ba, don nasa ne, kullum a aljihun kwat ɗinsa yake kwana. Ya karɓa. Kawu ya ce shi zai zauna a mota. Muka taka ni da Baba, ya ƙi in riƙe masa hannu, yana ƙirga taku a kan 'yar hanyar da ya sani, har ya tsaya daidai bakin kunyar farko.

Cittar ta yi kyau a shekarar. Ta huda ciyawar da aka lulluɓe ta da ita, ta fito tsawon tafin hannu, kore tun daga ƙafarmu har gindin ɗorawar da ke iyaka. Baba ya tsaya ya harɗe hannu a baya kamar mai duba layin 'yan makaranta. Ya juya kai dama, ya juya hagu. Ya daɗe a haka.

"'Yata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa don kada Kawu ya ji. "Ya tsiro?"

"Ta tsiro, Baba. Duk gonar."

"Har can wajen ɗorawa?"

"Har can."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya jujjuya shi a tafinsa, ya shafa haƙoransa da babban yatsa. Sannan ya miƙo shi.

"Ki riƙe. Ki taka shi sau ɗaya kawai, kin ji abin da Kawunki ya ce."

Ina tsaye a damansa, shi kuwa gaba ya miƙa hannun, wajen da ba kowa. Sai da na taka cikin kunya na tsaya a gabansa kafin na karɓa.